Toka a Kan Bishiyar Kofi

Shekara uku na yi ina kula da wani tsoho ɗan Puerto Rico a gidansa da ke unguwar Morrisania a birnin New York. Baba nake ce masa, yana kuwa amsawa. Ciwon suga ya cinye masa ido, hasken taga kawai yake ɗan gani. A bakin tagar yake da bishiyar kofi cikin wani ƙaton bokiti, tsayinta ya kawo mini kafaɗa. Daga gonar mahaifinsa ya zo da irin, gonar kuma an daɗe da sayar da ita. Wannan bishiya ita kaɗai ta rage masa, kullum da safe sai ya lalubi ganyenta kafin ya yarda ya sha magani.

Ni kuwa Allah ya yi ni da rawar kai. A ɗakina na unguwar University Heights ina da barkono da yakuwa a gwangwanaye. Wata rana cikin tsananin sanyi na ɗauki barkono guda na kai masa, wai don kada kullum in riƙa shiga gidan mutum hannu rabbana. Na ajiye shi a jikin kofin, ganye na taɓa ganye.

Ba a yi wata ba ganyen kofin ya fara dusashewa, yana komawa kalar tsatsa. Na juya guda ɗaya, sai ga wasu ƙwari jajaye, ba su fi tsinin allura ba, suna kai da kawo cikin wata siririyar saƙa irin ta gizo-gizo. Na duba barkonon, ashe can ne gidansu. Na shige banɗaki na kira yayata.

"Wa ya aike ki?" in ji ta. "Kada ki kuskura family ɗin nan su ji, su yi report ɗinki a office. Ki jefa barkonon a garbage, ki zuba toka kamar yadda Inna take yi wa kabewa."

Ina zan ga toka a New York? Sai na kwashe ta kaskon turaren wutana na ƙulle a leda. Kwana biyar ina barbaɗawa idan Baba ya yi barcin rana, in karkaɗe kafin in tashi aiki. A kwanakin nan ban iya zama wuri ɗaya ba. In ɗora ruwan shayi in manta, in tada salla in rasa raka'a ta nawa nake. Ƙwarin kuwa sai ƙaruwa suke, kamar tuwo nake tuƙa musu.

A rana ta shida Baba ya murza ganye ya kai hanci.

"Me ya sa bishiyata take ƙamshin mayafinki?"

Na faɗa masa zancen ƙwarin da tokar, na haɗiye na barkonon. Ya tambaye ni ko akwai tabo mai zagaye kamar zobe a ganyen. Na ce babu. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce masu kawo wannan tabon cuta suke ɗauko wa bishiya, ba ta da magani. Waɗannan jajayen kuwa ƙura da bushewar iska suke so. A gonarsu, bishiyoyin bakin hanya su suke fara kamuwa, ruwan sama kuma shi yake wanke su.

"Ga hita tana busar da ɗaki, ke kuma kin ƙara musu da toka."

Kunya ta kama ni, har da haushin yayata, alhali ni na zuba. Na ja bokitin zuwa banɗaki, shi yana tsaye riƙe da ƙofa yana cewa in wanke bayan kowane ganye. Ina wankewa ganyayen suna zubowa a hannuna. Mun makara.

Cikin satin ciwonsa ya tashi aka kwantar da shi a asibiti. Kafin a sallame shi bishiyar ta zama kara. 'Yarsa ta sa aka sauke ta ƙasa wajen shara, ta sayo wata a kanti ta ajiye a gurbinta.

"Ba gani yake ba," in ji ta. "Ke dai ki yi shiru."

Ranar da ya dawo, ko rigar sanyi bai cire ba ya juyo inda ya ji motsina.

"Ta rayu?"

'Yar ta zuba mini ido. Na san aikina ne a bakina.

"Baba, ba ta rayu ba. Wannan ta kanti ce. Kuma ƙwarin ni na kawo su, a jikin barkonon da na ba ka."

Can ya tambayi inda tasa take. Na sauka da gudu, na tarar ba a kwashe shara ba tukuna, na tuge busasshen karan na kawo masa. Ya zauna ya ɗora shi a cinya, ƙasa na zuba a wandonsa. 'Yar ta miƙa hannu za ta karɓa, ya riƙe gam.

Ranar Litinin aka kira ni daga ofishin da ya tura ni aikin aka ce an sauya mini gida. Har yau ban san ko ya yafe mini ba. Na sha wucewa ta layinsu a bas, amma ban taɓa iya sauka in tambaya ba.