Rabi'atu Mai Rakiyar Asibiti

Rabi'atu 'yar Funtuwa ce. A can aka haife ta, a can ta yi aiki a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi bayan ta gama makarantar koyon aikin lafiya, tana awon ciki da allurar yara. Ba ta taɓa sa wa ranta barin garin ba, aure ne ya ɗauke ta. Mijinta Zainulabideen ya samu tallafin karatu a Azhar, ya riga ta tafiya, sannan ya aiko ta biyo shi a ƙarshen shekarar 2011, lokacin da Alƙahira ba ta gama lafawa daga zanga-zanga ba. 'Yan uwa sun so ta dakata. Ta ce inda mijinta yake kwana lafiya ita ma za ta kwana, ta ɗaure kayanta.

Suka kama shaƙƙa, wato gidan haya, a Hayyin Ashir, 'yan ɗakuna matsattsu a saman bene, da baranda da ba ta wuce wajen shanya ba. Takardar shaidar aikinta ba ta ci a Masar, sai ta sa ta a ƙasan akwati. Larabcin da ta zo da shi kuwa na Islamiyya ne. Ranar da ta fara zuwa sayen tumatir ta yi wa mai kayan miya magana da shi, ya saurare ta har ta gama, ya ce sadaƙallahul azim, matan da ke wajen suka kwashe da dariya. Ta koma gida ranta a ɓace, amma washegari wajensa ta sake komawa.

Wadda ta kama hannunta ita ce maƙwabciyarsu Awadiyya, Basudaniya mai sayar da turaren wuta da yi wa amare lalle. Kakanninta Hausawa ne da suka yada zango a Sudan kan hanyar Makka ba su ƙara gaba ba, don haka tana jin wata tsohuwar Hausa mai gauraye da Larabci. Ita ta koya wa Rabi'atu yadda ake tsayar da mikrobas, ƙaramar motar haya, yadda ake ciniki, da yadda ake yi wa Bamisire magana ya san ba baƙuwa ba ce. Kafin Rabi'atu ta yaye ɗanta Hussain, bakinta ya faɗa sosai.

Rakiyar asibiti kuwa ba shirya ta ta yi ba. Mutanen gida suna yawan zuwa Alƙahira neman magani, kuma ɗalibai ne suke yi musu tafinta. Wata rana aka kawo wata dattijuwa daga Katsina, Hajiya Fatuma, surukinta ne yake kai ta wajen likita. An ba ta magani ta sha, jiki bai yi sauƙi ba. Da Rabi'atu ta je gaishe ta, suka keɓe, sai tsohuwar ta faɗa mata cewa ita fa sanyi ta ce yana damunta, sanyin mata, shi kuma yaron ya ɗauka mura ce, ta kuma kasa gyara masa don ba za ta iya buɗe baki ta yi irin wannan magana a gaban mijin 'yarta ba. Washegari Rabi'atu ta sa hijabinta ta bi su. Ta roƙi surukin ya jira a waje, ta yi wa likita bayani dalla-dalla, aka sake gwaje-gwaje, aka gano abin da ke akwai.

Daga nan labari ya bazu. Duk matar da aka kawo, sai a ce a kira matar Malam Zainu. Takan bar Hussain wajen Awadiyya ta kama hanya, wani lokaci unguwar Duƙƙi, wani lokaci Muhandisin, har a watannin da aka sa dokar hana fita ana gudun yamma ta yi wa mutum a waje. Wasu su yi mata alheri, wasu su yi mata addu'a kawai.

A bazarar 2014 wata ɗaliba ta gaya mata cewa wani asibitin kuɗi a Madinat Nasr ya buɗe ofishin baƙin majinyata, yana neman tafinta mai jin Hausa. Ana son takardar tarihin karatu da aiki, da wasiƙar neman aiki cikin Larabci. Rabi'atu ta ji abin ya tsaya mata a rai. Ta gaji da aikin da ba shi da suna, wanda ko mai gadin asibiti yana iya tsayar da ita a ƙofa ya tambaye ta ita wace ce.

Ba ta taɓa rubuta irin wannan wasiƙa ba, don haka ta tafi shagon Mu'tasim, inda ɗalibai suke buga takardu. Ya ce ta kwantar da hankalinta, yana da wadda ya tanada a kwamfuta, suna kawai ake canzawa. Wasiƙar ta yi kyau a ido. Ta yabi asibitin, ta yabi shugabanninsa, ta ce mai neman aikin mutum ne mai gaskiya da juriya da son aiki cikin jama'a. Rabi'atu ta sa hannu ta kai.

Shiru, har aka soma jin an kira wasu. Zainulabideen ya ce ta haƙura, ƙila ba rabonta ba ne. Ta ce za ta haƙura, amma sai ta ji dalili. Ta shiga mikrobas ta koma asibitin, ta zauna a bakin ofishin har mai kula da shi, wata mata da ake kira Madam Eman, ta fito. Matar ta so ta sallame ta daga tsaye, amma da ta ji irin Larabcin da ke fita daga bakin wannan baƙar mace mai dogon hijabi, sai ta ce ta shigo. Ta zaro wasiƙun masu neman aikin daga aljihun tebur, ta jera wasu a gabanta. Kalmominsu iri ɗaya ne da na Rabi'atu, har wajen da aka manta ɗigo.

"Ma'alish, yi haƙuri," in ji Madam Eman, "amma ni ban ga kowa a cikin wannan takarda ba. Ko kalmomin aikatau a cikinta na maza ne, ban ma lura mace ce ta kawo ba. Ki gaya mini abin da kika yi da abin da za ki yi mana. Yabon asibiti kuwa muna da shi."

Ta ƙara da cewa ba a rufe karɓa ba sai ranar Alhamis, kuma babu dokar da ta hana mutum sake kawo wata.

Rabi'atu ta dawo gida kunya da haushi suna cinta, amma ba ta kwanta ba. Ta ɗora girki, ta yagi takarda daga littafin mijinta, ta zauna a baranda saboda an ɗauke wuta ɗakin ya yi zafi. Da farko da Hausa ta rubuta, kamar tana ba Awadiyya labari, har ta cika shafuka. Sannan ta dawo tana sokewa. Ta cire tarihin garinsu, ta cire wahalar zaman baƙunta, ta cire duk inda ta kira kanta mai gaskiya, tunda kowa ma haka zai ce. Ta karanta sanarwar neman tafinta da asibitin ya fitar, ta ga abin da suka nanata shi ne karɓar majinyaci, fassara tsakaninsa da likita, da yi masa bayanin magani kafin sallama. Ta ɗauki kowane ɗaya ta sa masa abin da ta taɓa yi a kansa.

Da Zainulabideen ya dawo daga darasi ta miƙa masa Larabcin da ta haɗa. Ya karanta a hankali. Ya ce maganar ta yi tsirara da yawa, ya kamata a buɗe da girmamawa mai tsawo, a kuma rufe da roƙon su dube ta da idon rahama, domin kuwa haka ake rubuta wa manya.

"Malam," ta ce, "ba taimako nake roƙo ba. Suna da matan da suke kasa yi wa likita magana, ni kuma na san yadda ake sa su yi. In na rusuna da yawa ba za su ga wannan ba."

Ya sake duban takardar, sannan ya yi murmushi ya ce, "To, Maman Hussain, ki bar mini nahawu, na bar miki magana."

Haka aka yi. Ya gyara mata kurakurai, ya mayar da aikatau na mace. Abu guda ya dage a kai, ita ma ta ga gaskiyarsa: ta rubuta sunan Hajiya Fatuma da garinsu a matsayin misali, ya ce ciwon mutum amana ne, wanda zai ɗauki tafinta kuma zai so ya ga tana rufe sirri tun daga wasiƙarta. Ta cire sunan, ta bar labarin a jimla kaɗan. Ita kuma ta dage sai an faɗi cewa ba ta da takardar shaidar fassara. Ya ce me zai sa ta tona wa kanta asiri. Ta ce za su gani ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba, gara su ji daga bakinta, tare da cewa ta yi karatun aikin lafiya kuma ta san sunayen cututtuka da harsunan biyu.

Wasiƙar ba ta cika shafi ɗaya ba. Ta kai wa Mu'tasim ya buga, yana ta mamakin gajartarta, ta tsaya a kansa har ya gama don kada ya ƙara mata ado. Ta rubuta sunan Madam Eman a sama, ta kai da hannunta ranar Laraba.

An kira ta. Aka zaunar da ita gaban likitoci biyu, aka kawo wata majinyaciya daga Damagaram ta yi musu tafinta, ta yi ba tare da ta daburce ba. Ta fito tana ganin aiki ya zama nata. Sai dai da sakamako ya fito, wani Ya'ƙub aka ɗauka, ɗan Nijar mai takardar fassara da Faransanci a kan Hausarsa. Madam Eman da kanta ta kira ta a waya ta gaya mata. Rabi'atu ta yi godiya, ta ajiye wayar, ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Awadiyya ta hawo da shayi mai kirfa, ta zauna kusa da ita har ta ga ta sha. Da safe aka kira Rabi'atu ana neman mai raka wata mata ɗaukar hoto a asibiti, ta sa hijabi ta tafi.

Sai farkon 2015 wayarta ta sake kawo lambar asibitin. Madam Eman ta ce ta kai wasiƙar Rabi'atu gaban shugabannin, ta karanta musu inda aka yi maganar matan da ba sa iya faɗin ciwonsu a gaban namiji, kuma Ya'ƙub da kansa ya tabbatar yana fama da hakan. Sun amince a ɗauki mace a sashen mata, na wasu ranaku a mako, in ta yarda. Takardar izinin aiki ta ja lokaci, Rabi'atu ta sha zirga-zirga da layi daga wannan taga zuwa waccan, amma daga ƙarshe takardar ta fito.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Akwai ranakun da ita ce take juya wa mace maganar likita cewa ciwon ya yi nisa, ta riƙe fuskarta har ta fita daga ɗakin. Akwai masu jinya da suke ɗora mata laifin tsadar asibiti kamar ita ta yanka. Ta daure. Da ta ji ana cewa ofishin zai ƙara faɗaɗa, sai ta je ta yi rajista a wata cibiyar koyar da fassara, ajin ranar Asabar. Zainulabideen yakan zauna da Hussain, ita kuma ta sauka ta tari mikrobas, littafin kalmomin likitanci a cikin jakarta, tana haddace abin da ya samu kafin a kai tasha.