Motar da Malam Sale Yake Kashewa

Na yi shekaru ina shugaban makanikai a wannan masana'antar abinci ta Challawa, amma ban taɓa mantawa da ranar Talatar da aka ajiye mini takardar korar Malam Sale a kan teburi ba. Sa hannuna kawai ake jira. Ku da kuka kama aiki daga baya ba ku san shi ba. Dattijo ne mutumin Jigawa, direban tirela, ya haura shekara ashirin yana jan motocin kamfanin, ko madubi bai taɓa fasawa ba.

Bari in yi wa wanda ba ɗan hannu ba bayani. Sababbin motocin gas da aka sayo mana suna da matata a cikin salansa, ita ke tare baƙin hayaƙi. In ta cika, motar da kanta take ƙone dattin. Inji ya ɗaga murya ba tare da an taka totur ba, salansa ta yi zafi kamar maƙera, ƙauri ya tashi, bayan kamar minti arba'in ta gama. A doguwar hanya direba ba ya ma sanin an yi. Amma in ana yawan katse ƙonawar, matatar sai ta toshe, mota ta ƙi ja.

Ta Malam Sale sau uku tana toshewa cikin wata biyar. Manajan sufuri, Oga Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, ba mugu ba ne, amma daga sama an matsa masa. Ya ce da ni, "Habu, motoci shida muka sayo rana ɗaya. Me ya sa tasa kaɗai? Gas ake zuƙewa ana cikawa da kananzir, ba wani abu ba."

Kora da sunan sata ke nan, ga mutumin da yake jan mu salla a masallacin gareji. Na roƙi Oga ya ba ni zuwa la'asar.

Na fara da man. Na ɗiba daga tanki, na duba, na sansana, gas ne tsantsa. Sai na jona kwamfuta a jikin motar na buɗe tarihinta, don duk abin da inji ya yi tana rubutawa har da lokacinsa. Abin da na gani ya ɗaure mini kai. Sau talatin da wani abu motar ta fara ƙone matatarta, kowane karo ana kashe ta da makulli. Kuma kusan duk tsakanin ƙarfe ɗaya ne da biyu na rana.

Na same shi a ƙarƙashin darbejiyar bakin get, yana zaune da carbinsa. Labari ya riga ya iso masa, idonsa ya yi ja.

Na ce, "Malam, tsakanin ɗaya da biyu a ina kuke?"

Ya ce, "A layin sauke kaya a Bompai mana. Ai ka sani, ni ba a tura ni doguwar hanya yanzu. Challawa zuwa Bompai, gosulo tun daga ƙofa."

"To me ya sa kuke kashe motar?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ake taka birki. "Haba Habu! Mota ta ƙwace da kanta, tana ƙara, tana ƙaurin ƙuna? Farkon tuƙina na ga wadda ta yi haka, a gabana ta ƙone ƙurmus. Kuma lokacin nan leburorin sito sun fito hutu. A inuwar motata suke shimfiɗa kwali, wasu na salla, wasu na cin garau-garau, wani ma kansa dab da salansa yake kishingiɗa. In bar ta ta tashi da bayin Allah?"

Na ce, "Ai da kun gaya mini."

"Na gaya maka. Sau biyu. Ka jona na'urarka ka ce lafiyarta ƙalau, in daina tsoron sabon abu."

Wallahi sai a lokacin na tuna. Har dariya na yi masa ran nan. Na kuma tuna ranar da aka kawo motocin: wakilin dillali ya yi mana bayani da Turanci, ni da Oga Bitrus, ya bar mana littafi ya tafi. Littafin yana durowata. Ban taɓa tara direbobi na gaya musu da Hausa cewa wannan ƙarar ba ciwo ba ce.

Na hau ofis da kwamfutar a hannu, na nuna wa Oga lokutan ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Oga, in akwai wanda ya cancanci takarda, ni ne." Ya kuwa ba ni takardar gargaɗi, ba wasa, tana cikin fayil ɗina har yau. Amma ta Malam Sale a gabana ya yaga ta. Ya sauko da ƙafarsa har bakin get, ya cire hula ya ce, "Baba, ku yafe mini, na zarge ku da abin da ba ku yi ba."

Bayan la'asar muka fitar da motar tsakiyar fili, nesa da mutane da duk abin da zai iya kamawa. A nan dai dattijon yana da gaskiya, zafin salansar nan zai iya ƙona mutum. Na sa shi ya hau mazauninsa, na zauna gefensa, na ba motar umarni daga kwamfuta ta fara ƙonawa. Da inji ya ɗaga murya, sai na ga hannunsa yana tafiya wajen makulli. Na riƙe masa shi. Haka muka zauna, yana zufa yana salati, hannunsa a cikin nawa, har ƙarar ta sauka da kanta, wutar gargaɗin da ke gabansa ta mutu.

Na saki hannunsa. Can ya shafa sitiyari ya ce, "Allah sarki. Wata biyar ina shaƙe ki, ina zaton cetonki nake yi."

Ya ƙara shekara huɗu yana jan ta, ba ta sake toshewa ba. Shi ya sa kuka ga ba na barin ɗayanku ya rubuta rahoto a kan direba sai ya zauna da shi tukuna. Kwamfutar nan ta gaya mini sau nawa aka kashe motar, da ƙarfe nawa, har da minti. Ba ta gaya mini akwai mutane kwance a ƙarƙashinta ba.