Malam Rabe Mazanya, Malamin Kimiyyar da Ya Bi Ɗalibansa Har Tasha

Ranar Laraba, 9 ga watan Yuli 2025, ina cikin sa ido a kan ɗalibai a ɗakin jarrabawa, shugaban makarantarmu ya leƙo ya yafito ni. Tun kafin in isa gare shi jikina ya ba ni. Ya ce, "Malama Damaris, Malam Rabe ya cika." Rai ya yi halinsa a asibiti a Katsina, sakamakon ƙunar da ya samu a gobarar da ta tashi bayan tashar mota, a nan Jibiya. Allah ne ya ba mu aronka, Malam, ya kuma karɓi abinsa.

Kusan shekara goma muna zaune a teburi ɗaya a ɗakin malamai, kai kana koyar da kimiyyar sinadarai, ni ina koyar da ilmin halittu. Kai ɗan liman ne daga Mazanya, ni kuwa 'yar manoman Gangara ce waɗanda suka karɓi addinin Kirista tun zamanin kakana. Wannan bai taɓa shiga tsakaninmu ba. Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu, uwata ta shigo Jibiya ba ko takalmi a ƙafarta. Ban roƙe ka ba. Kai ka kwashe buhunan geronka daga ɗakin ajiya, maiɗakinka Fati ta share shi ta shimfiɗa tabarma, tsohuwar ta zauna a gidanku har damina ta wuce. Har yau in za ta ambace ka, "ɗana Rabe" take cewa.

Abin da ya fi damunka a aikinmu shi ne yadda ajin kimiyya ke cika maƙil a aji huɗu, amma kafin a kai aji shida sai ya koma 'yan bencuna kaɗan. Mu sauran malamai muna da amsa a baki: lalacin yara, sakacin iyaye. Kai ka ce, "Zato kawai muke yi. Bari a tambaye su." A kan wannan tambaya ka koma jami'a neman digiri na biyu a fannin ilmi, ka ɗora bincikenka a kanta.

Ba a ofis ka yi shi ba. Ka riƙa zama a bayan aji a makarantun Jibiya da na ƙauyuka kana kallon yadda muke koyarwa, har da ni, kuma ba ka ɓoye mini abin da ka gani ba. Ka bi yaran da suka bar makaranta har tasha, inda suke ɗaure jarkokin fetur a kan babura don tsallakawa da su garin Ɗan Isa na Nijar ta hanyar daji. Ka dawo da maganar ɗaya daga cikinsu, wadda ka sha maimaita mini: "Malam, mi zan yi da sunan kwalbar da ban taɓa gani ba? Nan in na kai Ɗan Isa na komo, gidanmu a ɗora tukunya." Yaron ya yi gaskiya. Ɗakin gwajinmu babu komai a ciki sai kwalaben da suka bushe, zane muke yi musu a allo mu ce su haddace.

Sai ka raba aji gida biyu. Rabi ka koyar da su yadda aka saba, rabi kuma ka kawo musu kasuwa cikin aji. Da toka da man gyaɗa da soda suka koyi abin da littafi ke nufi da haɗuwar sinadarai, suka tashi da sabulu a hannu. Suka zuba wake a jarka suka liƙe bakinta, suka ga ƙwari sun mutu don rashin iska, ba tare da maganin da 'yan hatsi ke zubawa yana cutar da masu ci ba. Suka kwance fitilu masu aiki da hasken rana da suka lalace, suka gyara. Ba ka tsaya nan ba: ranar kasuwa ka sa su fita da kayansu, su yi ciniki da kansu, su dawo su faɗa wa aji abin da ya karɓu da wanda aka ƙi, da dalili. Husaina, wadda a da ba a jin muryarta a aji, yau matan Maraɗi na zuwa har gida sarin sabulunta, da shi take riƙe da ƙannenta tun da aka kashe mahaifinsu a gona.

Amma ba ka yaudari kanka ba. Sakamakon ya nuna 'yan mata sun tsaya, makin jarrabawa ya ɗan ɗaga, su kuwa samari da zarar mai ya yi tsada a ƙetare sai bencinsu ya zama wayam. Wani ya ba ka shawarar ka ɗan gyara alƙaluman don aikin ya yi kyau a idon masu dubawa. Ka ce, "In na gyara, wa na ruɗa? Yaran nan ne za su kwana a ciki." Ka rubuta shi yadda yake. Biyu daga makarantun da kake bi aka rufe su saboda hare-hare, ɗalibansu suka watse. Shawarwarin da ka kai ofishin ilmi kuwa, har ka koma ga Allah ba a kira ka a kansu ba.

Abbas yana cikin samarin da suka dawo aji saboda kai, kuma babu wanda ya kai shi iya haɗa wayar lantarki. A bana, da ƙarancin mai ya kama Nijar, kawunsa ya janye shi zuwa safarar fetur ana tsakiyar jarrabawar fita. Ranar da ya rasa takarda ta biyu, ka sallame la'asar ka nufi gidan kawun, a bayan tasha. Waɗanda ke wurin sun ce tun daga ƙofa ka ji warin fetur, ka roƙi matan gidan su kashe murhu, domin tururin mai yana bin ƙasa ya tarar da wuta inda take. Ba a kai ga kashewa ba. Abbas yana cikin shago yana ɗura jarkoki lokacin da wutar ta tare ƙofa. Kowa ya yi waje, kai ka yi ciki. Ka fito da shi a kafaɗa, rigarka na ci.

Na je duba ka a Katsina. An naɗe ka da bandeji, idanunka kawai nake gani. Ba ka yi mini ƙorafin ciwo ba. Ka ce, "Malama, hannun Abbas zai riƙe biro?" Na ce likita bai ce komai ba tukuna. Ka rufe ido, na fito. Abbas ya rayu, Malam. Yatsunsa na dama sun manne da juna, jarrabawar kuma ta wuce shi. Ba a yi sati ba wasu yaran suka ci gaba da ɗaure jarkoki a bayan tashar nan, kusa da bangon da ya ƙone.

Ranar jana'izarka ina cikin gida tare da mata. Fati ba ta yi kururuwa ba. Ta riƙe hannuna ta ce babi ɗaya ya rage maka ka kammala bincikenka, ko zan iya kai wa malaminka na jami'a abin da ka rubuta. Na kai. Ajinka kuma ni aka ba riƙo, ga shi ban san rabin abin da ka sani ba. Zan yi iya ƙoƙarina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Fati da 'ya'yanka, Mutmainna da Isah da jaririn da bai san fuskarka ba, ga mahaifinka Liman da dukan mutanen Mazanya, da ɗalibanka na aji da na tasha. Allah ya ba su haƙurin wannan rashi, ya raya abin da ka bari, ya ba Abbas lafiya da dangana. Kai kuma, Malam Rabe, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya sa wahalar da ka sha ta zama ƙarshen wahalarka. Ya sanyaya makwancinka. Amin.

Damaris Irmiya Gangara