Fiton Bawa da Tukunyar Hajo

Ku da kuka san Bawa na Makera kun san ba a ganinsa sai an fara jin fitonsa. Yatsu biyu a baki, kumatu a kumbure, a gona, a kasuwa, har a bakin masallaci. Tsofaffi sun yi faɗa sun gaji, suna cewa zai tara mana aljanu a gari. Ina aljanu! Mutumin da karensa ma bai amsa masa ba? Ni taubashinsa ne, ɗan kawunsa, don haka ina da lasisin faɗin gaskiya a kansa, kuma yau sai na faɗa.

Abin ya samo asali ne tun kafin a ba mu mulkin kai. Mun kai gero Dutsin-Ma, muka iske wani Bature mai rangadi a bakin bariki. Ya yi fito sau ɗaya, sai ga karensa a guje ya zo ya zauna a gabansa. Bawa ya saki baki. Ni na ga Baturen ya ciro tsokar nama daga aljihu ya jefa wa karen, na kuwa gaya wa Bawa. Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Kai ba ka san kare ba. Ilimi ne." Ilimi fa! Gaskiyar magana ita ce Bawa ya gwammace a cire masa haƙori da ya ba dabba nama.

Ya samo ɗan kwikwiyo baƙi, ya sa masa suna Duna, ya buɗe makaranta a bayan danga. Dabararsa ita ce igiya mai tsawo: ya yi fito, ya fizgo. Kafin damina ta wuce Duna ya haddace karatu sarai, wato in ka ji fito, shaƙa na tafe. Ranar da aka kwance igiyar, Bawa ya tara mu mu shaida. Yana busawa, kare ya sa wutsiya tsakanin ƙafafu ya nufi hanyar Karofi. Muka fashe da dariya, shi kuwa gogan ya ce wai atisaye ya aike shi.

To, akwai kiran da Duna bai taɓa ƙi ba. Hajo matar Bawa in ta gama kwashe tuwo takan kankare ƙanzo ta watsa masa ta bayan danga. Ƙarar nan ta tukunya, ko yana fadama sai ya ji ta. Da Bawa ya gane haka, sai ya koma laɓewa jikin danga lokacin kwasar tuwo. Yana jin ƙarar-ƙarar sai ya cika kumatu ya busa. Duna ya zo a guje, ya bi ta tsakanin ƙafafunsa ko kallo bai ishe shi ba, Bawa ya waiwayo yana ce mana, "Kun gani ko?" Mun gani, Bawa, mun gani.

Da a gida ya tsaya da sauƙi. Sai ya je ya cika baki a gaban Sarkin Dawa cewa ranar farautar rani ta Kurfi zai nuna wa mafarauta yadda ake kiran kare, in kuwa Duna bai zo ba, a daina kiransa mafarauci. Sunan nan shi ne abin da ya fi so a duniya, ko da yake ban taɓa ganin ya kashe abin da ya wuce gafiya ba.

Ranar ta zo, ga jama'a, ga kiɗa. Zomo ya tashi, Duna ya bi shi ya ɓace. Bawa ya busa. Shiru. Ya busa har leɓensa ya bushe, iska kawai ke fita. Sarkin Dawa ya tambaye shi ko a taya shi da ƙaho. Sai na ga Bawa ya zagaya bayan wani kalgo da buhun da ya yini yana saɓe da shi. Can muka ji ƙarar-ƙarar-ƙarar. Jama'a, tukunyar Hajo ce ya sato tun da safe! Sai ga Duna kamar an harbo shi. Mafarauta har da masu faɗuwa ƙasa don dariya. Daga ranar ya zama Bawa Mai Tukunya, a gida kuma Hajo na jiransa da muciya a hannu. Ko a nan bai sare ba, cewa ya yi tukunyar taimako kawai ta yi.

Da ya rasu, bayan an share makoki, Hajo ta aiko mini cewa Duna ya ƙi cin abinci. Na iske shi kwance a ƙofar zaure, inda Bawa ke shimfiɗa buzunsa. Ta kankare tukunya a gabana, ko kunne bai ɗaga ba. Ban san abin da ya kai ni ba, na sa yatsu biyu a baki na busa irin ta Bawa. Wallahi zumbur ya miƙe, ya dubi hanya, ya shiga zaure yana sunsune, ya fito ya tsaya yana kallona. Ashe ya san kiran. Ranar ban iya yin dariya ba.

Allah ya jiƙan Bawa, ya yafe masa, ya yafe mini tsiyar da na yi ta yi masa. Shi dai da aka kira shi, bai tsaya gardama ba.