Za'afaran Ɗin Shafin Fatiha

Shekaru sun yi nisa, kuma ba na so in rantse a kan abin da ƙwaƙwalwa ta iya sauyawa. Ina jin shekarata tara ko goma ne, a ƙarshen wata damina, Turawa ba su kai ga tafiya ba. Amma yammacin da Baba ya dawo Gafasa daga kasuwar Gaya da ɗan ƙunshin takarda a aljihun gaba, wannan kam ina ganinsa sarai. Bai tsaya ɗaure jaki ba, ya shigo cikin gida yana cewa a kawo masa ruwa a ƙoƙo.

Mu asalinmu Barebari ne, kuma sana'ar Baba rubuta Alƙur'ani da hannu. Ya fi shekara yana rubuta wani wa wani mai fataucin goro a Kademi. Komai ya kammala sai zayyanar shafin Fatiha, wadda mutumin ya ce lallai da za'afaran yake so a yi ta. Takardar da Baba ke aiki da ita, mai alamar jinjirin wata guda uku a jikinta, saura falle ɗaya tak. In wannan falle ya lalace, sai dai a sa wata takardar daban a farkon littafi, inda duk wanda ya buɗe zai fara gani. A wurin wani ɗan koli ya samo za'afaran ɗin, kuma abin da ya burge shi jansa ne. Shi ya saba da jar tawada, wadda kyanta shi ne ta yi jawur, don haka da ya zuba 'yan silalla ruwan ya rine nan take, sai ya yi murmushi ya ce gobe da hantsi zai fara.

Ni ce na kawo ruwan, kuma ni Baba ya ba ƙoƙon in ajiye a inuwa. A lokacin aikinmu mu 'yan mata shi ne korar awaki daga masarar bayan gida. Can muke wuni, mu karya goyon masara mu ɗaura a baya da ɗankwali, mu zauna muna yi wa gemunsa kitso. Hannuna ya san gemun masara fiye da yadda ya san allo. Da na ciro sili ɗaya daga ruwan, na ga ya koɗe ya yi fari-fari, santsinsa kuma irin na gemun masarar da nake goyo ne. Yarinya ba ta gyara wa malami a kan tawada, kuma na yi ta tunanin ko idona ne. Har la'asar ta wuce ina kewaya ƙoƙon kafin na kai wa Kaka Yagana, mahaifiyar Baba, tana sussukar gero.

Ta murza silin a tafinta, ta sansana, ta aika a kira shi. Ba ta faɗar sunansa don ɗan fari ne, sai ta ce, "Malam, da ka ce masara kake so ai da mun cire maka a bayan gida, har da jan garurar." Baba ya ce ɗan kolin ya rantse daga Makka aka kawo. Ta ce, "To masarar ta yi aikin hajji. 'Yar nan ce ta gane ta, kai ka san takarda, ita ta san gona." Sannan ta faɗa masa abin da ta gani wurin mahaifinta a Borno: na gaskiya kan silinsa a buɗe yake kamar bakin kakaki, yana da ƙanshi amma a harshe ɗaci gare shi, kuma ba ya gaggawa. A hankali yake sakin launi, rawaya ba ja ba, shi kuwa silin yana nan da jansa.

Kwana biyu bayan haka Baba ya tafi Kano, kasuwar Kurmi, da ɗan ƙoƙo a jakarsa. Ya ba mu labarin cewa rumfa biyu suka ƙi yarda ya gwada, a ta uku wani tsohon Balarabe ya yi dariya ya ɗebo masa ruwa da kansa, suka zauna suna jiran sili guda. Abin da ya dawo da shi bai cika ƙwanson gyaɗa ba. Ranar da zai jiƙa, ni ya kira ya miƙa wa ƙoƙon ya ce, "Duba mana." Na duba, na daɗe ina dubawa, na ce ba masara ba ce. A gabana ya cika zayyanar, rawaya mai haske kamar hantsi, kuma ranar Juma'a mutumin Kademi ya zo ya sa littafinsa a gafaka.

Yanzu za'afaran a kwalba yake zuwa da rubutu a jiki, kuma duk karatun da na yi har jami'a bai koya mini wata hanyar gane shi da ta fi ta Kaka ba. Har yau nakan roƙi mai kanti ruwa, yana kallona. Mai yiwuwa na haɗa wasu kwanaki da wasu, don haka duk wanda ya san gidanmu a lokacin, ya taimaka ya gyara mini. In kuma akwai wani gida a Kademi da ke da tsohon Alƙur'ani mai rawayar Fatiha, ina roƙo a buɗe a gaya mini ko launin yana nan.