Ɗalibi Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Shekara talatin da huɗu Kawu ya yi yana gyaran agogo a wata 'yar rumfa tsakanin shagon mai hoto da na mai ɗinkin takalmi. Tebur ɗaya, kujera biyu, gilashin da yake maƙalawa a ido, sai gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshi. Daga aji shida ya bar makaranta, shekarar da mahaifinsa ya rasu, amma takarda ba ta wuce shi. Ko wadda aka ƙunso masa sabulu a ciki sai ya warware ya karanta. Shi ya riƙe ɗan ƙanwarsa tun yana shekara tara har ya gama jami'a bara, kuma tun ranar ya daina kiran sunansa, sai dai Farfesa.

Aiki bai samu ba, sai Farfesa ya shiga wani karatun nesa da ake yi ta waya, kan falsafar hankali: yadda ake gina hujja da yadda ake gane gurguwa. Ba wanda ya san wani, kowa da lambarsa. Ɗalibai ne ke duba rubutun juna. Wanda abokin aji ya kayar ba zai wuce zango na biyu ba, wanda kuma aka kama ya yanke hukunci bai karanta ba, a sallame shi.

Rubutun mai lamba arba'in da ɗaya ne ya faɗo masa, shafi uku, kan yadda ake tabbatar da dalilin abu. Shafin farko duk gaisuwa ce. Mai shi ya gaishe da malamai, ya gaishe da 'yan aji, ya nemi afuwa kan ƙarancin karatunsa. Farfesa ya yi dariya har da buga cinya. Bai buɗe na biyu ba, ya rubuta: “Wannan wasiƙa ce, ba nazari ba. Mai ita ya je ya nemi sana'a.” Ya kayar da shi.

Ranar Alhamis da rana ya kai wa Kawu kwanon abinci, ya tarar da shi zaune, gilashi a goshi, agoguna a zube ba a taɓa ba. Takardu ne a gabansa, waɗanda mai hoto ya buga masa.

“Farfesa, zo ka ga abin kunya. Wata biyar ina wani karatu a ɓoye, don kada ku yi mini dariya. To, wani masani ya ce in je in nemi sana'a. Ni da sana'ar ta kusa cinye mini ido!”

Farfesa ya leƙa. Arba'in da ɗaya. Kalmominsa ne, har da aya. Kwanon ya nemi suɓuce masa, ya ajiye shi a kan agogon mutane.

“Kai, a hankali! Ni kayarwar ba ta dame ni ba,” in ji Kawu. “So nake in san inda hujjata ta karye, bawan Allahn nan bai faɗa ba. Kai ka yi boko, duba mini.”

A tsaye ya karanta shafi na biyu. Kawu ya rubuta cewa in agogo ya tsaya, abu ɗaya ake canzawa a gwada. In ka canza biyu ya tashi, ka gyara agogo amma ba ka san ciwonsa ba. A na uku ya ce agogo uku su nuna lokaci ɗaya ba shaidu uku ba ne, in dai daga rediyo ɗaya aka saita su. Abin da Farfesa ya yi shafi tara yana kewayawa a nasa rubutun ke nan, bai kama ba.

Ya ajiye takardun. “Kawu, ni ne.”

“Kai ne me?”

“Ni na duba. Ni na rubuta wannan.”

Kawu ya sauke gilashin daga goshi, ya dube shi.

“Har ina ka karanta?”

“Shafin farko.”

“Ikon Allah. A kawo mini agogo, in dubi maɗauri kawai in ce ya mutu? Haka aka koya muku?” Ya tattara takardun. “Shi ke nan. Kada ka gaya musu, korarka za su yi. Kai ne mai sauran tafiya, ni me ya rage?”

Farfesa ya fito, ya tsaya jikin bangon mai ɗinkin takalmi, ya ciro wayarsa. Sau huɗu yana rubutawa yana gogewa kafin ya tura wa malamar ajin layi biyu: shi ya kayar da arba'in da ɗaya, kuma bai karanta ba.

Amsa ta zo ranar Asabar da hantsi, suna rumfar su biyu. Malamar ta karanta rubutun da kanta, arba'in da ɗaya ya wuce. Farfesa kuwa, tun bai gama karanta saƙon ba ya ga an cire shi daga ajin.

Ya miƙa wa Kawu wayar. Kawu ya karanta sau biyu, leɓunansa na motsi, ya ajiye ta a hankali. Can ya leƙa waje ya ƙwala wa mai hoto kira, ya ce in darasin farko na zango na biyu ya shigo a buga masa da manyan baƙaƙe.