Rundunar Zakari Komanda

Zakari ɗan kawuna ne, wato abokin wasana, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini tun daga kakanni. In ya ji haushi ya zo rumfata ta bakin tasha inda nake suyar kifi ya same ni. Sunana Hasiya, ya kuma san ba na gudun kowa.

A Madarumfa in ka ce Zakari kawai, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Zakari Komanda kuwa, har awaki sun san gidan. Bai taɓa yin soja ba, ko na yini ɗaya. Sau uku yana zuwa Maraɗi lokacin ɗaukar soja. Na farko ya faɗi a gudu, na biyu likita ya leƙa bakinsa ya ƙirga haƙora ya ce ya koma gida, na uku aka ce shekarunsa sun wuce, duk da huɗun da ya zaftare da bakinsa. Ya dawo ya shige ɗakin uwarsa ya kwanta kwana biyu ba ci ba sha. Rana ta uku ya tashi ya sayar da gyaɗarsa kaf, ya nufi garin Ɗan Isa ya sayo babur, ya shiga kabu-kabu.

To, tun da soja sun ƙi Zakari, sai Zakari ya ɗauki babur ɗinsa soja. Ja ne da aka sayo shi, bai kwana bakwai ba ya koma kore da baƙi da ruwan ƙasa, dabbare-dabbare. Ya sa mai walda ya haɗa masa akwatunan ƙarfe biyu a gefe, wai na harsashi, abin da ke ciki kuwa buji ne, wato fulogi, da kwalbar esansi, fetur ke nan, da ƙuli-ƙuli. Ya samo sandar kamun kifi a bakin tafki ya kafa a baya, wai eriyar oba-oba. Ya yanko tsohuwar ragar masunta ya lulluɓe fitila, har wata biyu babur na warin tarwaɗa. Salansa ma, bututun hayaƙin nan, bai bar ta ba, ya huda ta don ta riƙa ruri. Ya raɗa masa suna Bilinde, sunan motar yaƙin nan mai sulke, ya rubuta a tanki da farin fenti, harafi ɗaya a juye.

Ka hau bayan Zakari ka ga ikon Allah. Ba ya tashi sai ka ce "A shirye." Tsohuwa za ta kai nika, sai ya ƙame ya sara mata kafin ya karɓi ƙwaryar. Matarsa Balaraba ta ce da safe sai ya shafa wa sarƙar babur mai kafin ya tambayi yadda yara suka kwana. Ni kam kullum ya wuce rumfata sai na ɗaga murya: "Komanda, yau wane gari aka ci?" Ya ce, "Ke farar hula, yi suyarki." Ko a jikinsa.

Mahaukaci ba ya rasa abokan tafiya a garin nan. A hankali ƴan kabu-kabu bakwai suka bi shi, duk irin waɗanda aka koro daga wurin ɗaukar soja, ban da ɗaya wanda ko zuwa bai yi ba saboda tsoron allura. Kowa ya fente babur ɗinsa, Zakari ya raba musu galan, wato muƙami, wannan kofur, wancan saje. Ran Lahadi su taru a bakin tafki suna faretin hagu-dama, masu lambu na jingine da fartanya suna dariya.

Amma akwai abu ɗaya da ke cin ransa, kuma wannan ba wasa ba ne. A unguwarsu akwai Ajidan Shu'aibu, tsohon soja na gaskiya, mai ɗingishi, wanda ya yi ritaya ya zauna yana gyaran rediyo a ƙofar gida. Shi ne shugaban tsoffin sojojin garin, shi ake tambaya wa zai shiga defile, jerin gwanon da ake yi a fili ran sallar Jamhuriya, sha takwas ga Disamba. Shekara tara Zakari na tsayar da Bilinde a gabansa kowace safiya yana sarawa. Shekara tara Ajidan na cewa, "Ina kwana, Zakari," ba tare da ya ɗaga kai daga rediyo ba. Burin Zakari a duniya shi ne ya wuce gaban manya a defile kan babur ɗinsa, sojoji na kallo, ko sau ɗaya a ce shi ma yana cikinsu.

Bana, ko gajiya Ajidan ya yi ko tausayi, oho. Ya ce masa, "In za ku iya tafiya ku takwas a layi ba ku take yara ƴan lakwal, ƴan makaranta, ba, zan sa ku a bayan ƙungiyar masu lambu. Nan da sati biyu zan zo in gani."

Bayan masu lambu fa! Amma wallahi ka ce Makka aka biya masa. Ya zo rumfata yana haki ya ci kifi uku bai san ya ci ba.

Suka fara gwaji a cikin gari, mu kuma muka fara abin da muka iya. Na tara matan tasha, in sun taho mu yi ta guɗa muna kiran "Ga mayaƙan ƙuli-ƙuli!" Saje ya waiwayo don ya rama, ya afka cikin tiren mai tumatir. Na yarda, ina da hannu a abin da ya biyo baya, domin dariyarmu ce ta kore su daga gari. Zakari ya tara rundunarsa ya ce aikin soja sirri ne, gobe za su fita can bayan garin Gabi inda ba ƴan sa ido, kada wanda ya gaya wa ko matarsa. Ya ga a bidiyon waya cewa sojojin musamman na rufe fuska, don haka kowa ya naɗe kansa da baƙin rawani, ido kawai a waje. Ya sa aka sassaƙa musu bindigogin icce aka shafa baƙin fenti, suka rataya a baya. Fitila a kunne da rana tsaka, layi biyu, ba magana sai alama da hannu.

Ranar kuwa kasuwar wani ƙauye ce a kan hanyar, ni ma ina can na kai busasshen kifi. Ƙauyen nan, bara war haka, mutanen daji suka shigo shi. A kan babura suka zo, a jere, da kayan soja a jikinsu, fuska a rufe. Suka kora shanu, suka tafi da mutum biyar, uku suka dawo. Duk Madarumfa an san da wannan, Zakari ma ya sani, har gaisuwa ya kai mutane a kan Bilinde. Amma kansa ya cika da defile, ko kusa bai kawo abin a ransa ba.

Wajen azahar muka ji ruri daga gabas. Wata mai fura ta miƙe ta duba, ta kurma ihu: "Sun dawo!" Innalillahi. Ban taɓa ganin kasuwa ta watse haka ba. Mahauci ya bar nama, mai awo ya bar buhu a buɗe, mata na fizgar yara ta hannu ɗaya. Ni da na ce muku ba na gudun kowa, ban san lokacin da na tsallake dangar wani gida na faɗa rumbun gero ba, zane a hannu. Ina ciki ina salati sai kunnena ya kama wani abu. Duk ƙasar nan salansa ɗaya ce ke tari sau biyu kafin ta yi ruri. Na ce, kai, ɗan banzan nan!

Na fito da ƙaiƙayi har cikin kunne. Ga su tsaye tsakiyar kasuwa su takwas, ba kowa sai kaji. Zakari ya warware rawani yana juyawa yana kira, "Jama'a, ni ne! Zakari ne na Madarumfa!" Can cikin kwatar bayan rumfunan mahauta wata tsohuwa ke nishi. Iya Salamatu ce mai daddawa, ta faɗi garin gudu, hannunta na dama ya karye. Ɗanta Nura yana cikin biyun da ba su dawo ba.

Samarin ƙauyen suka dawo da gora da adda, kuma ban ga laifinsu ba. Da ba don mai gari ya shiga tsakani ba, ni kuma na tsaya ina rantsuwa cewa wannan sakaran ɗan kawuna ne, da an ƙone baburan har da masu su. Jandarmomi suka zo suka kwashe su. Ɗaya ya buɗe akwatin harsashi ya ga ƙuli-ƙuli, ya dubi Zakari, ya rufe.

Ajidan Shu'aibu ne ya je ya karɓo su washegari, yana jan ƙafa. Ina wurin, na kai wa Zakari abinci. Zakari na ganinsa ya miƙe zai sara, Ajidan ya ce, "Sauke hannunka." Bai yi faɗa ba, da ma ya yi faɗan da ya fi sauƙi. Ya ce, "Za a ba ku baburanku, amma a kankare fentin nan yau. Maganar defile ta mutu. Kai kuma, Zakari, duk ranar da mai ɗori ya sa wa tsohuwar nan, kai za ka ɗauko ta ka mayar, har ta warke."

Da hannunsa ya kankare, a ƙofar gida, da yashi da tsumma. Ya cire eriya, ya kwance akwatuna, Balaraba ta karɓe su ta zuba albasa. Ragowar shuɗin fentin ƙofarsu ya shafa wa babur ɗin. Na je da niyyar tsiya, na tarar da shi zaune a ƙasa yana goge sunan da ke kan tanki, hawaye na bin gemunsa. Na ji tausayinsa har cikin raina, na kuma ji kunyar guɗar da na yi. Na ce, "Sannu, Zakari." Ya ce, "Yauwa, Hasiya."

Ran sha takwas ga wata ta faɗo daidai da ranar mai ɗori. Da hantsi ya taho da Iya Salamatu a baya, hannunta ɗaure da karare, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya tsaya a rumfata don ta sha ruwa. Daga fili ana jin ganga da kakakin soja, ana ta tafi. Zakari ya juya wa filin baya yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

Tsohuwar ta sha ruwa ta miƙo mini kofi. Ta saurari kakakin nan jim kaɗan, sannan ta taɓa kafaɗarsa da hannun mai lafiya.

Ta ce, "Ɗan nan, na ji ana ce maka Komanda. Tun ran nan nake so in roƙe ka, kunya ta hana ni. Ku da kuke ciki, ka tambaya mini manyanku ko an ji labarin Nura. Dogo ne, yana da tabo a nan." Ta nuna goshinta.

Na tsaya da kofi a hannu. Zakari ya ɗago daga kan tayar.

Ya ce, "Iya, ni ba soja ba ne. Kabu-kabu nake yi."

Ta ce, "To." Ta gyara zama, ta kama rigarsa. "Mu je, kada mai ɗori ya fita."